Ƙirƙira ko Kwaskwarima? Rigimar Haƙƙin Mallaka a Kan Silaidar Faifan Kwamfuta da Darasinta ga Masu Ƙirƙira a Bauchi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin wata tambaya da ta daɗe tana haɗa injiniyoyi da lauyoyi gardama: yaushe ne ƙaramin canji a jikin na'ura yake zama ƙirƙirar da ta cancanci kariyar doka, yaushe ne kuma yake zama kwaskwarimar da kowane ma'abocin sana'a zai iya yi? An ɗauki silaida, wato ɗan ƙanƙanin tubalin da ke ɗauke da kan karatu da rubutu a cikin faifan ajiyar kwamfuta, a matsayin abin nazari. Maƙalar ta nuna cewa kallon zane da ido ba ya raba wannan gardama, sai shaidar awo. Daga nan ta waiwayi dokar Nijeriya ta 1970, wadda ke ba da takardar haƙƙin ƙirƙira ba tare da tantance wannan batu ba, ta kuma ba masu ƙirƙira da ke Bauchi shawarwari.

1. Gabatarwa

A shagunan gyaran kwamfuta da ke kewayen kasuwar Wunti, akwai wata ƙara da kowane mai gyara ya sani: ƙyas, ƙyas, ƙyas daga cikin tsohuwar laftof. Da zarar ya ji ta, zai ce wa mai kaya had-disk ya tafi. In aka warware 'yan ƙusoshin murfin, har da wadda ake ɓoyewa a ƙarƙashin takardar da aka liƙa a sama, za a ga faifai mai sheƙi, da wani siririn hannu na ƙarfe da ya miƙe a kansa. A can ƙarshen hannun akwai wani ɗigo baƙi-baƙi wanda sai an ƙura ido ake ganinsa. Wannan ɗigon shi ne silaida.

Kamfanoni irin su IBM da Seagate da Hitachi da TDK sun karɓi takardun haƙƙin ƙirƙira masu ɗimbin yawa a kan siffar cikin wannan ɗigo kaɗai. Yawancin takardun ba su bambanta da juna ba sai da ɗan lanƙwasa, ko ɗan zurfi, ko matsar da wani tudu gefe kaɗan. Shi ya sa babu inda batun “ai wannan a fili yake” ya fi zafi kamar nan, kuma shi ya sa ya dace a koyi darasi daga gare shi, ko da kuwa ba a ƙera faifan kwamfuta a Nijeriya.

2. Yadda silaida take tashi

Kan maganaɗisu ba ya taɓa faifai yayin aiki. Idan faifai ya juya, yana jan iskar da ke manne da fuskarsa, iskar ta kutsa ƙarƙashin silaida ta ɗaga ta sama, hannun ƙarfen kuma yana danna ta ƙasa. Inda ƙarfin biyu suka yi daidai, nan silaida take tsayawa. A faifai mai inci 3.5 da ke juyawa sau 7,200 a minti, gudun bakin faifan ya haura kilomita 120 a awa.

Tarihin fannin duka tarihin rage wannan tazara ne, domin gwargwadon kusancin kai da faifai, gwargwadon yawan bayanan da za a cusa. Na'urar IBM 350 ta 1956, wadda ayarin Reynold Johnson ya ƙera a San Jose, tana da faifai 50 masu faɗin inci 24, tana ɗaukar haruffa kusan miliyan 5. A cikinta famfo ne ke hura iskar da ke ɗaga kan, tazarar kuma ta kai kimanin maikromita 20. A 1961 IBM 1301 ta zo da silaidar da ke tashi da iskar faifan kanta, ba famfo. A 1973 IBM 3340, wadda aka fi sani da Winchester, ta kawo silaida mara nauyi da ke sauka a kan faifai idan an kashe wuta, ta tashi idan an kunna, tazarar ta sauko zuwa kusan rabin maikromita. A yau tazarar 'yan nanomita ce kawai, har ana sa ɗan abin ɗumama a cikin kan domin ya kumbura ya ƙara matsowa lokacin karatu ko rubutu. Kaurin gashin mutum yakan kai nanomita 70,000. Ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya ta ninka wannan tazara sau ɗaruruwa, dalilin da ya sa faifan da aka buɗe a shago ba ya ƙara zama abin dogaro.

Jikin silaida ma ya yi ta ƙanƙancewa: daga tsawon milimita 4, zuwa 2.05, zuwa 1.25, har zuwa milimita 0.85 da faɗin 0.7 a samfurin da ya fara yaɗuwa daga 2003. Ana yin ta da wani tauraren haɗi na alumina da taitaniyam kabaid.

Cikinta, wato ɓangaren da ke fuskantar faifai, ba shafaffe ba ne. Yana da tudu da kwari kamar gonar da aka yi wa huɗa: dogayen kunyoyi da iska ke dannawa ta ɗaga, da kwaruruka a tsakaninsu. A silaidar farko kunyoyin miƙaƙƙu ne, an ɗan fere goshinsu domin iska ta samu hanyar shiga. Amma wannan siffa tana da matsala. Gudun faifai a bakinsa ya ninka na kusa da cibiyarsa, don haka silaida takan yi sama a waje, ta yi ƙasa a ciki. Hannun kuma lilo yake yi, ba tafiya miƙe ba, saboda haka iska takan bugo silaida a karkace. Ga kuma batun tudun ƙasa: iskar Jos ta fi ta Bauchi sauƙi, ta Bauchi ta fi ta Legas, kuma faifan da ake sayarwa dole ya yi aiki a dukkansu, har zuwa tsayin kusan mita 3,000.

Manyan mafita biyu sun shahara. A 1974 aka ba Garnier da Tang da White na IBM takardar Amurka mai lamba 3,855,625. Sun gitta wata kunya tsakanin kunyoyin gefe biyu, suka bar rami a bayanta. Iskar da ta tsallake gicciyar takan buɗe a cikin ramin, matsinta ya faɗi ƙasa da na waje, sai ta tsotso silaida zuwa ga faifai. Idan gudu ya ƙaru, ɗagawa da tsotsa suna ƙaruwa tare, tazara ta zauna kusan wuri ɗaya. A 1987 kuma James White ya karɓi takarda mai lamba 4,673,996 a kan fere gefunan kunyoyin, domin iskar da ta zo a karkace ma ta samu mashiga. Da aka koma sassaƙa cikin silaida da harbin ƙwayoyin ayon a maimakon wasawa, sai ƙofa ta buɗe: kowace siffa da injiniya ya zana ana iya fitar da ita. Daga nan takardun neman haƙƙi suka yi ta kwarara.

3. Ma'aunin doka

Sabunta kaɗai ba ta isa a ba mutum haƙƙin ƙirƙira. Kotun Ƙolin Amurka ta kafa wannan tun 1851 a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, inda ta ce yin mariƙin ƙofa da yumɓu a maimakon ƙarfe ko katako aikin gwanin sana'a ne, ba na mai ƙirƙira ba. A 1952 aka shigar da ƙa'idar cikin sashe na 103 na dokar ƙasar: ba a ba da haƙƙi idan abin da ake nema zai kasance a bayyane ga mai matsakaiciyar ƙwarewa a fannin.

A 1966, a shari'ar Graham da kamfanin John Deere, wadda aka yi a kan yadda ake ɗaure haƙorin garma don kada duwatsu su karya shi, kotun ta jera abin da alƙali zai duba: me aka riga aka sani a fannin, mene ne bambancinsa da abin da ake da'awa, kuma ina matsayin ƙwarewar 'yan fannin. Ta ƙara da wasu alamu na gefe, kamar karɓuwa a kasuwa, da daɗewar buƙata ba a biya ta ba, da gazawar waɗanda suka gwada a baya. Graham ya faɗi. Amma a rana guda kotun ta tabbatar wa wani mai suna Adams haƙƙinsa a kan wani batir da ake zuba wa ruwa, duk da cewa an san kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya, saboda masana sun yi zaton ba zai yi aiki ba, sai ga shi ya yi.

Shekaru da dama bayan haka, kotun ɗaukaka ƙara mai kula da haƙƙin ƙirƙira ta riƙa neman a nuna wani rubutu ko dalili ƙarara da ya ce a haɗa tsohon abu kaza da kaza kafin a ce haɗin a fili yake. A ranar 30 ga Afrilu 2007 Kotun Ƙoli ta sassauta wannan a shari'ar KSR da Teleflex, a kan totar mota da aka maƙala wa na'urar ji ta lantarki. Mai shari'a Kennedy, da yawun dukkan alƙalan, ya bayyana cewa haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, a samu sakamakon da kowa ke tsammani, ba ƙirƙira ba ce, kuma ma'abocin sana'a mutum ne mai hankali da dabara. Tun daga nan aikin mai neman haƙƙi ya ƙara nauyi.

4. Inda gardamar silaida take ƙullewa

Gardamar takan ɗauki salo iri ɗaya a ofishin haƙƙin ƙirƙira na Amurka da hukumarsa ta ɗaukaka ƙara. Mai nema ya kawo silaida mai ramin tsotsa, da ferarrun gefuna, da wani ɗan tudu a baya mai zurfi kaza. Mai tantancewa ya zaro tsofaffin takardu biyu ko uku, ya ce ramin yana cikin ta farko, ferewar tana cikin ta biyu, zurfin kuma abu ne da kowane injiniya zai laluba har ya dace. Yana da hukunce-hukuncen da zai jingina da su. Shari'ar Aller ta 1955, a kan zafi da ƙarfin asid wajen haɗa wani sinadari, ta ce lalubo adadin da ya fi dacewa ta hanyar gwajin yau da kullum ba ƙirƙira ba ne. Shari'ar Dailey ta 1966, a kan siffar bulumbotin jariri, ta ce sauya siffa kawai zaɓi ne, sai in an nuna siffar tana da wani tasiri. Shari'ar Gardner da TEC ta 1984 ta fi kusa da batunmu, domin a kan na'urar da ke tallafe takarda da iska ana busar da tawada aka yi ta: kotu ta ce idan bambancin girma ne kawai, kuma aikin bai sauya ba, babu abin karewa.

Mai nema kuma yana da nasa makamin. Shari'ar Antonie ta 1977, a kan tankin tace gurɓataccen ruwa, ta ce ba za a kira abu lalube na yau da kullum ba idan 'yan fannin ba su ma san cewa wannan ma'aunin yana da tasiri ba. Shari'ar Dembiczak ta 1999, a kan ledar shara mai zanen kabewa, ta gargaɗi masu tantancewa kada su riƙe amsar mai nema a hannu sannan su koma baya suna tsintar guntayenta daga tsofaffin takardu.

A nan ne kimiyyar silaida take shigowa. Matsin iskar da ke ƙarƙashinta ana lissafa shi da ƙa'idar da Osborne Reynolds ya wallafa a 1886. Amma ƙwayar iska takan yi tafiyar kimanin nanomita 65 kafin ta ci karo da 'yar uwarta, tazarar silaida kuwa ta yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Don haka iskar ba ta gudana kamar yadda aka saba, sai da Fukui da Kaneko suka yi wa lissafin gyara a 1988. Bugu da ƙari, sassan cikin silaida ba sa aiki a rarrabe. Ƙara zurfin rami yana sauya tsotsa, tsotsa ta sauya yadda goshi ke ɗagawa, wannan kuma ya sauya iskar da ke isa tudun baya. Abubuwa biyu da kowannensu ke da amfani shi kaɗai suna iya ɓata wa juna aiki idan aka haɗa su.

Wannan hujja tana taimakon mai nema, amma tana da iyaka. Cibiyar binciken da Farfesa David Bogy ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ta samar da manhajar lissafin tashin silaida wadda kamfanonin fannin suka yi amfani da ita sosai. Idan injiniya zai iya zana siffa, kwamfuta ta faɗa masa yadda za ta tashi kafin a sassaƙa komai, to mai tantancewa yana da damar cewa sakamakon ba abin mamaki ba ne. Kayan aikin da suka sauƙaƙa ƙirƙira su ne suka ɗaga matsayin ma'abocin sana'ar da doka ke aunawa da shi.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duka ɓangarorin biyu suna kuskure idan suka tsaya a kan zane. Silaida biyu na iya kama da juna kamar an tsaga kara, amma ɗaya ta riƙe tazararta daga cibiya zuwa baki, ɗayar ta riƙa goga faifai a kan tudu. Wasu biyun kuma su bambanta a ido, aikinsu ɗaya. Mai neman da ya kawo jadawalin awo, yana nuna cewa a daidai zurfin da ya ambata tazara ta daina sauyawa, kuma da an gota kaɗan sai ta lalace, ya kawo hujja. Wanda ya zo da bayanin lauya kawai bai kawo komai ba.

Manyan shari'un fannin sun nuna irin kuɗin da ke cikin wannan tambaya. Kamfanin Rodime na Sikotilan, wanda ya fitar da faifai mai inci 3.5 a 1983, ya bi kamfanoni da dama yana neman kuɗin lasisi, su kuwa suna ganin rage girman faifai ba ƙirƙira ba ce. Quantum ya kayar da shi a 1995 bisa dalilin cewa an faɗaɗa da'awarsa yayin sake tantancewa, amma Seagate ya sasanta da shi a kan dala miliyan 45 a shekarar 2000. A 2006 Siemens na Jamus ya kai Seagate ƙara a Kalifoniya a kan na'urar karatun da ke maƙale a bayan silaida. A ƙarshen 2008 masu taya alƙali hukunci suka rushe takardar Siemens, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 2010 bisa hujjar cewa haɗin a bayyane yake ga 'yan fannin.

5. Halin da ake ciki a Nijeriya

Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane ta 1970 ta san wannan ma'auni sarai. Sashe na 1 ya shar'anta abubuwa uku: abin ya zama sabo, ya fito daga aikin ƙirƙira, kuma a iya amfani da shi a masana'anta. Ya fassara na biyun da cewa kada abin ya zama ya biyo a bayyane daga ilimin da ake da shi. Ya kuma yarda a kare ingantawar da aka yi wa ƙirƙirar wani, muddin ta cika sharuɗɗan.

Matsalar tana sashe na 4. Magatakardan ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja yana duba cikar takardu ne da biyan kuɗi. Doka ba ta ɗora masa binciken sabunta ko zurfin ƙirƙira ba, ta ma faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Abin nufi, duk gardamar da injiniyan Amurka yake yi da mai tantancewa kafin a ba shi takarda, ɗan Nijeriya yana ɗage ta ne zuwa ranar da wani zai ƙalubalance shi a Babbar Kotun Tarayya, wadda sashe na 9 ya ba ikon soke takardar. Sashe na 26 ya yarda kotun ta zauna da masana biyu na fasaha ko tattalin arziki su ba ta shawara.

Kada a ɗauka irin wannan shari'a ba ta zuwa gida. A 2007 kamfanin Lancor, mai allon rubutun Konyin da ke fitar da haruffan harsunan Nijeriya, ya maka shirin OLPC na laftof ɗin yara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, yana neman dala miliyan 20. A 2012 kuma kotun ta Abuja ta ba kamfanin Bedding Holdings gaskiya a kan hukumar zaɓe ta INEC game da akwatin zaɓe mai nuna abin da ke ciki.

Bauchi tana da waɗanda wannan ya shafa kai tsaye: malamai da ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Yelwa da Gubi, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, da masu walda da ke ƙera injin sussukar masara da na matsar man gyaɗa. Akasarin abin da suke yi ingantawa ce: sauya kusurwar haƙori, rage ratar da ke tsakanin ganga da raga, ƙara fanka. Tambayar da aka yi wa masu silaida ita ce za a yi musu, harafi da harafi.

6. Kammalawa da shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa ƙanƙantar canji ba ta hana shi zama ƙirƙira, girmansa a ido kuma ba ya tabbatar da ita. Abin da kotu ke nema shi ne sakamakon da ma'abocin sana'a bai yi tsammani ba, tare da shaidar da aka auna. Bisa haka ake ba da waɗannan shawarwari.

Na farko, mai ƙirƙira ya riƙe littafin gwaji mai kwanan wata, ya rubuta har gwajin da bai yi nasara ba. Idan ratar milimita kaza ce ta hana injin fasa ƙwaya, a auna abin da ke faruwa sama da ita da ƙasa da ita, domin wannan ne zai raba shi da hukunci irin na Aller da Gardner.

Na biyu, a binciki tsofaffin takardu kafin a kashe kuɗi. Rumbunan Google Patents da Espacenet kyauta ne a intanet. Haƙƙin ƙirƙira yana ƙarewa bayan shekara 20 daga ranar shigar da takarda, don haka dabarun da suka tsufa, har da na Garnier da White, halal ne ga mai son koyo ko ƙerawa.

Na uku, a shigar da takarda kafin a baje kaya. Dokar Nijeriya tana fifita wanda ya riga shigarwa, kuma ɗora bidiyon inji a Facebook na iya kashe sabuntarsa. Rangwamen wata 6 da doka ta bayar ya shafi baje kolin ƙasa da ƙasa ne da hukuma ta amince da shi.

Na huɗu, hukumar NOTAP mai kula da bunƙasa fasaha, da ofisoshin kare fasaha da ta kafa a manyan makarantu su riƙa yi wa takardu tantancewar cikin gida kafin a tura su Abuja, Majalisar Tarayya kuma ta gyara sashe na 4 domin a fara tantance zurfin ƙirƙira, ko da a 'yan fannoni ne da farko. Kafin a kai ga haka, tsangayoyin injiniya na Bauchi za su iya tsara jerin masanan da kotu za ta gayyata a ƙarƙashin sashe na 26, su kuma sa karatun da'awar takardar haƙƙin ƙirƙira cikin aikin ɗaliban shekarar ƙarshe.